Barau Wanzami da Mataccen Hannu

Duk wanda ya san Barau Wanzami a Sule Tankarkar ya san abu biyu ne ba a taɓa masa: zabirarsa da sunansa. Zabirar tana nan lafiya har gobe. Sunan ne ya sha ƙasa wata ranar Asabar bayan la'asar, a shagon gem ɗin Nura da ke bakin tasha. Kuma ba bare ne ya kayar da shi ba, taubashinsa ne, Ɗantala ɗan acaɓa.

Aski ne ya kai shi. Nura ya aika a kira shi ya zo ya daidaita masa gemu. Barau ya ɗaga labule ya tarar da shago cike da ƙarti, kowa ya ƙura wa talabijin ido, biyu na zaune a gaba suna buga ƙwallo da abin nan na roba da ake riƙewa ana latsawa, wanda 'yan gem ke kira hannu. Da ya yi askinsa ya kama gabansa, da yau babu labari. Amma bakin Barau ya fi askarsa kaifi.

"Kai jama'a," in ji shi, yana wasa aska a tafinsa. "Magidanta da gemu, an bar gona an bar kasuwa, an zo ana latsa roba. Wannan abin ai ko akuyar gidana aka miƙa wa sai ta ɗauko kofi."

Ɗantala ya waiwayo yana murmushin mugunta. Uwarsa ƙanwar uban Barau ce, kuma tun suna yara kowannensu ke cewa ɗayan bawansa ne. Har yau ba a yanke wannan shari'a ba.

"To bawana, tunda akuyar ba ta kusa, zo ka wakilce ta."

"Bawa ke gayyatar ubangidansa wasa? Matsa mini."

Ɗantala ya sunkuya ƙarƙashin benci, ya zaro wani baƙin hannu daga cikin kwali, ya goge shi da gefen rigarsa, ya miƙa masa da hannu biyu kamar mai kai gaisuwa. "Kai ne masu jar riga, ni ne masu fara." Nura ya buɗe baki zai yi magana, Ɗantala ya ƙifta masa ido, sai ya mayar da bakinsa ya rufe.

Barau ya tattare babbar riga ya zauna. Ya hau kan robar nan da yatsu goma kamar mai dama fura, yana karkata hagu yana karkata dama, har da cije leɓe. Ikon Allah, sai ga masu jar riga suna ba juna ƙwallo kamar 'yan uwa ɗaya uba ɗaya. Kafin a ce kwabo, ƙwallo ta shiga raga. Shago ya ɗauki ihu. Aka sake, aka sake ci. Barau ya ji kansa ya yi girman tulu.

"Na gaya muku! Hannun wanzami ne wannan, ba hannun mai jan birki ba!"

Da ta uku ta shiga sai abin ya fi ƙarfin zama. Ya ajiye hannun a kan tabarma, ya miƙe tsaye, ya cire hula ya ɗaga sama, ya fara yi wa kansa kirari: shi ne Barau na Murja, aska mai cin gashi ba ta cin fata, guguwa mai share fili. Yana tsaka da kirarin, hannun na can kwance a tabarma babu mai taɓa shi, masu jar riga suka ƙwace ƙwallo, suka yanke mutum biyu, suka zura ta huɗu.

Barau ya dubi talabijin, ya dubi tabarma, ya sake duban talabijin. Sai dariya ta ɓarke, irin wadda ke kayar da mutum daga kan benci. Ashe hannun ya daɗe da mutuwa, Nura ya jefa shi a kwali ne don ya riƙa cirar kayan gyara a jikinsa. Na'urar ce ke buga wa masu ja tun farko, Ɗantala kuma yana buɗe mata hanya da gangan. Abin da ya ƙara wa miyar gishiri, wani ya ɗauki komai a waya, daga cije leɓen har kirarin.

"Allah ya ja zamanin Mataccen Hannu!" in ji Ɗantala, yana share hawayen dariya.

Kafin mako ya zagayo bidiyon ya je Ɗanzomo, ya je Gagarawa Tasha, wani direba ya ce har a Gumel an nuna masa. Sunan kuwa ya zauna daram kamar dama don shi aka yanka rago.

Da a ce wani aka laƙaba wa wannan suna, da sai a yi dariya kwana biyu a manta. Amma Barau hannu ne jarinsa. Gidansu gidan wanzanci ne tun kaka da kakanni. Ubansa, marigayi Hussaini wanzami, bai bar shi ya taɓa kan mutum ba sai da ya shekara yana kankare bayan duma da aska har ya iya cire dattin ba tare da ya karce ƙwaryar ba. Boko kuwa ya ɗan leƙa, da ya ga malamin ba ya ba da tukuici sai ya dawo wa zabira. Rabin magidantan garin shi ya yi musu askin angonci, 'ya'yansu shi ya yi musu askin suna. Ana cewa in Barau na aske jariri, jaririn barcinsa yake yi. Ƙaho kuwa, tsofaffi daga ƙauyuka ke hawo amalanke su zo ya kafa musu. Mutumin da ake faɗa wa "hannunka da sanyi" tun yana saurayi, yau shi yara ke bi a lungu suna kiransa Mataccen Hannu.

Bai san abin ya yi nisa ba sai ranar da Iya Kande ungozoma ta tare shi a hanyar masallaci. Ita ce ke faɗa masa duk gidan da aka haihu tun kafin a raba goro.

"Barau, an sauka a gidan Habibullah, namiji."

"Masha Allah, Iya. Sai in wasa aska."

"Kada ka wahalar da dutsenka, ɗan nan. Kakar yaron ta ce a nemo wani daga Ɗanzomo. Ta ce jikanta na fari ba za a fara masa duniya da mataccen hannu ba."

"Iya, wasa ne fa! Roba ce ta mutu, ba ni ba!"

"Ni na sani. Amma tsohuwa ba ta san roba ba, suna ta ji. Suna kuwa linzami ne."

Ranar ko tuwo bai iya ci ba. Matarsa Murja ta ce, "Malam, ka je ka sami Gwaggo mana, ta ja wa ɗan nata kunne."

"In kai ƙarar taubashi? Ke ma kin san ba a yi. Wanda ya yi fushi da wasan taubashi ya faɗi sau biyu. Gwaggon ma dariya za ta yi, ta ce bawa ya kawo kuka."

"To sai ka zauna a raba ka da sana'ar ubanka?"

"Wa ya ce zama zan yi? Inda aka kayar da mutum, nan yake dafawa ya tashi."

Dama duk Alhamis Barau kan hau mashin ya bi ta Gumel ya tafi kasuwar Maigatari, yana da 'yar rumfa kusa da kara, wato kasuwar dabbobi, inda yake yi wa Fulani da dillalai aski. A bayan layin masu waya akwai wani Badamagare mai suna Gudaji, yana da shagon gem da faifan sola a kan rufi. Barau ya daɗe yana aske shi bai taɓa leƙa shagon ba. Wannan Alhamis ɗin ya nannaɗe tabarma da wuri ya je ya yi sallama, ya zauna ya zayyana masa komai. Gudaji bai yi dariya ba, domin ya riga ya gama dariyarsa tun ranar da aka turo masa bidiyon.

"Wanzam, ba a gaya maka manet tana da ido ba?"

"Mece ce manet kuma?"

"Abin da ku kuke ce wa hannu. Duba nan." Ya danna tsakiya, wata 'yar fitila ta kama. "In wannan ba ta kama ba, gawa ka riƙe. Darasin farko ke nan."

Suka yi yarjejeniya ta mutunci: Barau ya riƙa kula da kan Gudaji da gemunsa, Gudaji ya riƙa kula da yatsun Barau. Farkon abin ba daɗin gani. 'Yan wasansa sai su ɗauki ƙwallo su fice da ita waje kamar an aike su. Sau biyu ya ci kansa da kansa. Gudaji kan ce, "Sassauta, Wanzam! Ƙwallo ce, ba kan ɗan dambe ba. Haka kake danna wa mutane aska?"

Wannan maganar ce ta buɗe masa kai. Ya lura cewa 'yar sandar da ake murzawa da babban yatsa, wadda shi ya raɗa wa suna sitiyari, ba ta son ƙarfi, lallaɓa take so, daidai da yadda ake bin bayan kunnen jariri. Sunayen maɓallan ma da suka ƙi zama masa a baki sai ya sauya musu. Mai kusurwa uku ya zama murhu. Mai zagaye ya zama ƙwai. Mai kusurwa huɗu akwati. Mai gicciye kuwa tsage, tunda ya yi kama da wanda ake yi a kumatu. Gudaji na zaune a gefe sai ka ji yana ihu, "Tsage! Tsage! To murhu yanzu! Akwati, Wanzam, akwati!" Masu wucewa su ɗauka gwanjon kayan aure ake yi.

Haka aka yi ta yi, damina ta sauka ta ɗauke, har aka yanke riɗi. A Sule Tankarkar ba wanda ya san komai sai Murja, ita ma don ta kama shi ne yana murza babban yatsa a kan murfin kwano.

Yau in ka zauna a gaban Barau, aski ɗaya za ka biya amma shawara kyauta ce, ko ka tambaya ko ba ka tambaya ba. Zai kama haɓarka ya ce kada ka kuskura ka ci awara ko ƙosai ka taɓa hannun gem, mai ne ke shiga ƙarƙashin maɓalli ya sa shi maƙalewa. In sitiyari ya fara jan ɗan wasa gefe shi kaɗai, ba aljanu ba ne, datti ne, a sami auduga da ɗan sifirit a goge kewayensa a hankali. Ita kanta na'urar kada a ajiye ta a ƙasa, kada a kuma lulluɓe ta tana aiki. A ɗora ta a kan bulo biyu iska ta riƙa ratsa ta, in an kashe ta huce sannan a rufa mata zane. In an tayar da janareta a bari muryarsa ta daidaita kafin a jona, in ba haka ba wata rana sai dai a ji ƙauri. Wai na'ura kamar jaka ce, in ka ji tana huci da ƙarfi, hutu take roƙo.

Ra'ayi kuwa yana da shi buhu-buhu. Ya ce tsohuwar na'urar gem ta PS mai igiya ta fi sababbin amana, domin ita kana ganin igiyarta, in an cuce ka ma ka gani da idonka. Gem ɗin harbe-harbe ba ya sonsa, ya ce mutum ya wuni yana kashe bayin Allah ko na ƙarya ne ai sai ya yi mugun mafarki. Na tseren mota ya ce a bar wa Ɗantala, ko ya koyi inda birki yake. Wanda ke buga ƙwallo a waya kuma tausayinsa yake ji, wai kamar a ce ka yi aski da allura. Kuma babban abin da ya tsana shi ne mutumin da ke danne maɓallin gudu tun daga farko har ƙarshe. "Gaggawa ce ke sa a yanki kunne," in ji shi. "Ba wa na kusa da kai, shi ma ya ba na kusa da shi. Raga ba ta gudu."

Amma duk wannan daga baya ne aka sani. A lokacin, sai wata Asabar kawai aka ga Barau ya doso tasha da wankakkiyar riga, zabira a kafaɗa. Ɗantala na kan mashin yana jiran fasinja, ya hango shi.

"A'a! Jama'a a ba da hanya, ga Mataccen Hannu! Bawana, yau wa za a yi wa jana'iza?"

"Kai," in ji Barau. "Sauko mu shiga."

Labari ya riga su shiga shagon. 'Yan acaɓa suka jingine mashina, mai shayi ya bar tukunya, mai faci ya taho da tayar mutane a hannu. Shago ya cika har taga, wayoyi suka tashi sama, kowa na son kashi na biyu na bidiyo. Barau ya ga wayoyin. Ya san in ya faɗi yau, sunan nan har jikokinsa sai sun gaje shi.

Nura ya miƙo masa hannu. Barau bai karɓa da sauri ba. Ya juya shi, ya danna tsakiya, ya jira fitila ta kama, ya ɗaga ya nuna wa jama'a kamar mai nuna jariri ranar suna. Da aka fara kuma sai da ya kai ɗan wasansa hagu, ya dawo da shi dama, ya tsayar da shi cak, don ya tabbata da shi ake yi. Aka yi dariya, amma ba irin ta ranar ba.

Ɗantala gwani ne, wannan ba a ƙwace masa ba. Yadda yake tuƙi haka yake wasa, a guje, ba waiwaye. Ba a jima ba ya zura ɗaya, ya miƙe yana rawa.

"Nura, duba ko nasa ya sake mutuwa!"

Gumi ya tsattsafo wa Barau a goshi, ya goge tafinsa a gwiwa, ya gyara zama. Ya fara ba da ƙwallo gajere-gajere, wannan ya ba wancan, wancan ya mayar. Ɗantala ya yi ta bin ta da gudu kamar kaza na bin fara.

"Kai wanzami, ka buga mana! Kitso kake yi?"

"Aski nake yi. Zauna daidai kada in yanke ka."

Can sai aka ji Barau yana magana ƙasa-ƙasa, "Tsage... tsage... murhu." Ƙwallo ta ratsa tsakanin masu tsaron baya kamar zare a kafar allura. "Akwati!" Raga ta girgiza. Shagon ya ɗauka gaba ɗaya, har mai shayi ya zubar da kofin da ke hannunsa. Barau bai miƙe ba, bai cire hula ba, bai ajiye komai a tabarma ba. Wanda maciji ya sara, in ya ga tsumma gudu yake.

Bayan hutu 'yan wasan Ɗantala suka fara jan ƙafa, domin ya ƙone musu ƙarfi da gudun banza. Barau ya ƙara ta biyu. Ɗantala ya daina surutu, ya matso gaban benci, ya fara danna maɓallai da yatsu goma, yana karkata hagu yana karkata dama, har da cije leɓe. Wani daga taga ya ce, "Wallahi na taɓa ganin wannan rawar!" Dara ta ci gida. Ana dab da tashi Barau ya yanke mai tsaron gida, ya tsaya da ƙwallo a bakin raga kamar mai jiran a kawo masa ruwan ɗumi, sannan ya tura ta uku a hankali.

Ɗantala ya zabura ya miƙe, yana girgiza hannun gem ɗin kusa da kunnensa, yana bubbuga shi a cinya.

"Nura! Wannan ba wasa ba ne! Ina dannawa ba ya tafiya. Wallahi hannun nan ya mutu!"

Sai da maganar ta fita ya ji abin da ya faɗa. Wayoyi duk suka juyo kansa, ga fitilar hannun tana ci tar a tsakanin yatsunsa. Barau ya ajiye nasa a hankali, ya jawo zabira ya ɗora a cinya, ya fara kwance bakinta.

"Wanne daga ciki, bawana? In na robar ne, ga Nura nan ya duba maka. In kuwa wanda Gwaggo ta haife ka da shi ne, miƙo nan in kafa masa ƙaho. Taubashi ba ya biya."